Yadda Na Yi wa Malam Faɗa a Gadon Asibiti

Maigidana da harshensa yake ciyar da mu. Malami ne a wata jami'a mai zaman kanta a Bukit Jalil, kimiyyar kwamfuta yake koyarwa, aikin ne ma ya kawo mu Kuala Lumpur da yaranmu biyu. Da korona ta zo aka kulle gari, sai aji ya dawo kan teburin cin abincinmu. Kullum da safe zai saka riga mai kyau daga sama, daga ƙasa kuma wandon barci, ya zauna gaban kwamfuta yana ta zuba bayani, ni ina kicin ina soya ƙwai a hankali kada ɗalibai su ji ƙarar mai. Malam nake kiransa tun ranar da aka kai ni gidansa. Ni kuwa mai faɗa ce, kowa ya sani. Ba ni da riƙo, amma ba na gani in ƙyale. Safa a ƙarƙashin kujera, kofin shayi a kan littafi, duk sai na tanka, kuma da ƙarfi nake tankawa.

A kan yaji na gano ba shi da lafiya. Mutumin da yake barbaɗa yaji har a kan biredi, sai na ga yana ture kwalbar gefe. Na dafa wake da shinkafa da mai da yaji, ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi. Na ce buɗe baki in gani. Ya ce ba komai. Na ce ai ban tambaye ka ko akwai komai ba. Na haska da fitilar waya, sai ga wani miki a gefen harshensa, fari, gefensa a kumbure. Wai tun kafin azumi yake nan, ya yi shiru don kada ya tayar min da hankali. Ranar ya sha faɗa har maƙwabta suka ji. Muka ɗan yi ta zuma da ruwan gishiri, bai tafi ba, muka je asibiti. Suka gutsiri kaɗan suka auna, suka ce ciwon daji ne.

Likitar da za ta yi aikin 'yar asalin China ce amma haifaffiyar nan, ƙanƙanuwa, in ka gan ta sai ka ce 'yar sakandare. Ta zana mana harshe a takarda ta ja layi. Kusan rabi za ta cire. Sannan ta yanko fata daga hannunsa na hagu tare da jijiyar jininta, ta yi wa harshen faci, ta ɗinke jijiyar da wata a wuyansa. Na ce da Hausa, ikon Allah, yanzu harshen ma faci ake yi masa kamar wando? Malam ya taka min ƙafa.

Ta ce abu ɗaya take so mu riƙe. A kwanakin farko ran facin nan yana hannun jijiyar da ta ɗinke, kuma siririya ce kamar zaren ɗinki. Dole ya kwanta wuyansa a miƙe, ba juyi, ba fisga. Idan jijiyar ta toshe facin zai mutu, sai an koma tiyata, kuma a karo na biyu ba za ta yi mana alƙawarin zai sake yin maganar da mutane za su gane ba. A mota muna komawa gida Malam ya ce, "To idan ban iya magana ba, me zan koyar?" Na ce ya kalli hanya, ga shingen 'yan sanda can a gaba. Amma tambayar ta zauna min a ƙirji, da ita na riƙa kwana da ita nake tashi.

Ranar tiyata a bakin ƙofar asibiti aka tsayar da ni. Aka auna min zafin goshi, aka ce lafiyata ƙalau, kuma ba zan shiga ba. Dokar korona ce, ba mai jinya, ba mai dubiya. Na tsaya ina kallonsa ya shige da 'yar jakarsa kamar mai zuwa Kaduna ya kwana ɗaya. Sai da magariba likita ta kira ta ce an gama, komai ya tafi daidai. An huda masa maƙogwaro an sa bututu da zai riƙa numfashi ta nan, saboda haka ba zai yi magana ba sai an kwana biyu, abinci kuma ta robar hanci za a riƙa ba shi.

To mu Hausawa ba mu iya barin mara lafiya shi kaɗai ba. Da a Kano ne, kafin ya farfaɗo an shimfiɗa tabarmi a barandar asibiti, kulolin abinci sun kai tsayin gado, wanda bai taɓa ganinsa ba ma ya zo ya ce sannu. A nan kuwa kowa yana kulle a bene na goma sha wani abu, yana ta juyi da sannunsa a baki ba inda zai kai ta. Wayata ba ta huta ba. Matan ɗalibai, matan malamai, na Bukit Jalil da na sauran unguwanni, 'yan'uwa daga gida, kowa tambaya ɗaya: ya za mu yi mu duba shi? Maƙwabciyata 'yar Katsina, wadda mijinta yake karatun digiri na uku, ita ta kawo dabara. Ta ce kowa ya yi dubiyarsa a saƙon murya, a tara, a kai wayar Malam asibiti, a riƙa kunna masa a kunne. Na ce wallahi kanki yana ja.

Na nemi babbar nas ɗin ɗakin a waya. 'Yar Malay ce, Musulma, Kak nake ce mata, wato Yaya a harshensu. Na yi mata bayanin al'adarmu. Ta ce, "Boleh," wato babu matsala, su ma haka suke da zumunci. Aka yi ta turo saƙonni. Na zauna na saurare su kafin in kai, na sha kuka, don sun yi daɗi. Hajiya mahaifiyarsa ta yi masa addu'a muryarta tana rawa, ta ce ya riƙa maimaita kalmar shahada a zuci tunda baki ba hali. Abokansa suka yi ta cewa Allah ya sa kaffara ne, idan sun taɓa yi masa laifi ya yafe, su ma sun yafe masa duniya da lahira. Ƙaninsa ya ce kada ya damu da yara ko kaɗan, suna nan, za su riƙe su kamar nasu. Akwai wani abokin aikinsa ɗan gida da suka daɗe ba sa ga maciji a kan shugabancin ƙungiyar 'yan Najeriya, shi ma ya turo. Ya ce shi dai shaida ne, bai taɓa ganin mutumin kirki irin Malam ba. Limamin unguwarsu a Kano ya haɗa da karatu mai tsawo. Na sa wayar a leda na miƙa wa mai gadi, na dawo gida ina jin na sauke nauyi.

Ba a daɗe ba likita ta sake kira, wannan karon muryarta ba irin ta da ba ce. Ta ce Malam ya ruɗe. Yana faruwa bayan doguwar tiyata, musamman irin wannan ta kai da wuya: ga maganin barci, ga na kashe zafi, ga rashin barcin kirki, mutum ya farka bai san inda yake ba, kuma ba bakin tambaya. Yana fisge robobi, yana neman dirowa daga gado, yana juya wuya. Sun sa masa safar hannu mai kauri sun ɗaure hannuwan a jikin gado. Ba sa so su cika masa maganin barci, don yana ƙara ruɗewar. Facin kuma ya fara duhu. Ta ce ta samo min izini na musamman, in yi gwajin korona, in zo in zauna da shi ko zai natsu idan ya ga nasa. Idan bai natsu ba, tana tsoron sai an koma tiyata.

Kafin in saka hijabi labari ya zaga. Maƙwabciyata ta zo ɗaukar yara ta ce, "Don Allah ke da muka sani, ki sassauta murya. Mara lafiya lallashi yake so." Yayarsa ta kira daga Kano ta ce in riƙe hannunsa in gaya masa magana mai daɗi, in nemi yafiyarsa, in yafe masa, don rai ba shi da tabbas. Na ce to, Yaya. A jirgin ƙasa daga ni sai wani tsoho can ƙarshen tarago, kujeru duk an manna musu alamar kada a zauna. Tun daga Bukit Jalil har tashar Titiwangsa, kusa da asibitin, ina gwada tattausar murya a cikin takunkumi. Ni kaina ban gane mai maganar ba.

Aka zura min tsinken gwaji a hanci har na ji shi a ƙeya. Sakamako ya fito lafiya. Suka saka min riga ta leda har ƙasa, da hula, da takunkumi, da wani gilashi a gaban fuska, ba abin da ake gani sai idona. Kak ta shiga da ni.

Sai ga shi. Yana kwance a rigingine, an rufe shi da farin zane har ƙirji, an naɗe masa haɓa da farin bandeji, fuskar ta kumbura, roba a hanci, bututu a wuya, hannuwa a ɗaure. Idanunsa ne kawai suke yawo, daga silin zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa silin. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na matsa kusa. Ya tsayar da ido a kan nawa, na ga alamar ya gane ni, har jikinsa ya ɗan saki. Na tuna abin da aka koya min. Na dafa kafaɗarsa na ce a hankali, "Sannu, mijina na kirki. Ka yi min komai a duniya. Idan na taɓa ɓata maka ka yafe ni. Ni na yafe maka."

Wallahi kamar na watsa masa ruwan zafi. Ya zaburo, ya dinga dukan katifa da diddige, yana fisgar hannu, gadon yana girgiza, na'urar da ke saman kansa ta kama ƙara. Nas biyu suka shigo da gudu, ɗaya ta riƙe masa kai da hannu biyu. Kak ta ja ni waje ta ce in ɗan huta tukuna.

Na zauna a baranda, ledar jikina tana ta ƙara duk motsin da na yi. Da farko kuka na yi. Daga baya sai na ji kukan yana juyewa haushi, kamar yadda ya saba yi min. Haushin ciwon, haushin korona, haushin gilashin da ya yi raɓa ba na gani sosai, har da haushin Malam. Na taso tun daga Bukit Jalil, na sha tsinke a hanci, na gaya masa maganar da ban taɓa gaya masa ba tun aurenmu, abin da zai saka min da shi ke nan?

Bayan azahar Kak ta ce in sake gwadawa. Ina shiga na tarar ya zame hannun dama daga safar da ɗaurin, Allah kaɗai ya san yadda ya yi, ya kai yatsu kan robar hancinsa yana shirin ja. Ban san lokacin da tattausar muryar ta gudu ba.

"Malam, saki robar nan," na ce. "Saki na ce. Wai kai wane irin mutum ne? Baiwar Allah nan ta wuni a tsaye tana yi maka ɗinki, kai kuma ka kwanta kana warwarewa? Ka san abin da ka bar ni da shi a gida? Injin wanki tun kafin ka kwanta yake zubar da ruwa, ka ce za ka kira mai gyara, ina yake? Da hannu nake wanki kamar a ƙauye. Gas ya ƙare ina tsakiyar tuwo. 'Ya'yanka in yi musu Hausa su amsa min da Turanci, in yi faɗa su ce min okay lah. Ɗalibanka sun samu lambata, wai yaushe za a duba musu aiki, ni na ce musu ka ba su? Kuma safarka, wadda na ce ka ɗauke tun ranar da za mu taho, tana nan ƙarƙashin kujera, ban taɓa ta ba, kai za ka zo ka ɗauke abarka."

Sai da na tsaya jan numfashi na lura ɗakin ya yi tsit. Ya saki robar. Hannun ya sauka a kan zane. Yana kallona, kallo na sosai, irin wanda yake yi min a gida idan yana jira in kai aya. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga bandeji. Na juya a tsorace, ina jiran Kak ta kore ni gaba ɗaya. Ita kuwa na'ura take kallo. Bugun zuciyarsa yana sauka a hankali. Ta yi min alama da hannu ta ce, "Lagi, lagi," wato in ƙara.

Na ƙara mana. Na ɗauko maganar motar da ya ƙi kai wa wanki, na bi ta kan kwalin littattafan da ya tare mana baranda, na sauka a kan ƙaninsa da ya zo hutu ya tafi da cajata. Kafin in gama da ƙanin, Malam ya yi barci. Kak ta ce tun da aka fito da shi daga tiyata bai yi barci irin wannan ba.

Da yamma likita ta zo, Kak ta ba ta labari. Ta tambaye ni ko addu'a ce nake yi masa da yarenmu. Na ce a'a, faɗa ne. Ta ce a kan me? Na ce a kan injin wanki. Ta yi dariya har gilashin fuskarta ya zame. Ta ce ita ba ruwanta da abin da nake cewa, in dai wuyansa zai zauna wuri ɗaya, in zo safe da yamma.

Haka na samu aiki. Kullum sai in tsaya wurin mamak ɗin da ke kusa da tasha, masu sayar da shayi da roti, in sa a ƙulla min a leda tunda an hana zama, in ci a tsaye, in shiga a naɗe ni, in ja kujera in fara. Da na ɗauko wayarsa zan kunna masa dubiyar mutane sai ya zare ido na'ura ta fara ƙara, don haka na kashe ta na jefa a jaka, ban dai san dalili ba. Matsalar da na samu ita ce laifuffukan sun fara ƙarewa. Mutum yana kwance a ɗaure, ba ya yin sababbi. Na koma tsofaffi, har na kai kan atamfar da ya sayo min a farkon aurenmu mai kalar ganyen ayaba. Maƙwabciyata da ta ce in sassauta murya, ita ce ta koma tuna min: kin yi masa na ranar da ya manta ki wurin sayayya a Bukit Bintang ya taho gida? Na ce Allah ya yi miki albarka, na manta da wannan.

Nas-nas suna zuwa a kai a kai da 'yar fitila su leƙa bakinsa su duba kalar facin. Ni ma na koyi leƙawa ta bayan kafaɗarsu. Daga duhu ya fara washewa, har wata safiya likita ta leƙa ta daɗe, ta ɗago ta ce ya yi ja yadda take so, ba za a koma tiyata ba. Aka kwance masa hannu. Ruɗewar tana zuwa tana tafiya, ta fi matsa masa idan rana ta yi sanyi, har ta tafi gaba ɗaya.

Da hankalinsa ya dawo sosai ya nuna jakata, na gane wayarsa yake so. Da yatsa ɗaya ya riƙa rubutu yana miƙo min, ni ina karantawa ina amsawa da baki. Na tambaye shi me ya riƙa gani da yake ta wannan dambe. Ya rubuta, "Na zaci na mutu."

Na ce subhanallahi, kamar yaya?

Ya yi ta rubutawa kaɗan-kaɗan. Ya farka ba murya. Ya ji an ɗaure masa haɓa, ya ga farin zane. Wasu mutane da ba a ganin fuskarsu suna ta kai-kawo suna magana ƙasa-ƙasa. Sai wani namiji ya zo da ruwa a roba, ya yi bisimilla, ya yi masa alwala, ya goge masa jiki, ya fara daga dama. Bawan Allah nan ma'aikacin ɗakin ne, ya ga Musulmi ɗan'uwansa baƙo ba kowa, yana neman lada. Malam kuwa ya ce wankan gawa ne. Yana cikin wannan sai ya ji muryoyin gida a kunnensa, kowa yana yafe masa. Hajiya tana kuka tana tuna masa shahada. Ƙaninsa ya karɓi riƙon yara. Liman yana karatu.

"Duk da haka ina ɗan shakka," ya rubuta, "sai na ji mutumin nan na ƙungiya yana yabona. Na san ba zai yabe ni ina raye ba."

Abin da ya tsaya masa shi ne yana ji, yana gani, amma su ba su sani ba. So yake ya nuna musu da ransa kafin a kawo makara. Ya motsa, suka ɗaure shi. Ya ƙara motsawa, suka ƙara ɗaurewa.

"Sai ga idonki," ya rubuta. "Na ce alhamdulillahi, ga wadda ba za ta bari a binne ni ba, za ta ɗaga musu asibitin. Sai kika ce min mijina na kirki."

Na ce to ai gaskiya na faɗa.

"Na ce shi ke nan, har ke. An gama."

Na ce da na dawo fa?

"Ba a yi wa gawa maganar injin wanki."

Na yi dariya har Kak ta leƙo. Ina cikin dariyar kuma tausayinsa ya rufe ni, don na tuna idanun nan da suke yawo tsakanin silin da ƙofa. Mutum yana kwance shi kaɗai a ƙasar mutane, yana jin 'yan'uwansa suna sallama da shi ɗaya bayan ɗaya, ba shi da bakin cewa ina nan. Mu kuma muna gida muna jin daɗi mun yi zumunci. Na gaya wa likita, ta ce kada mu ɗora wa kanmu, ruɗewar da ma za ta zo ko da saƙo ko babu, ƙwaƙwalwa ce take ɗaukar abin da ta samu a kusa ta gina labarinta. Na ce to mu dai mun kai mata kayan gini har gado. Ƙaninsa da ya ji labari ya yi fushi, wai daga taimako. Hajiya kuwa har yau ba wanda ya gaya mata, ta san dai addu'arta ta karɓu, kuma ta karɓu ɗin.

Saura abu ɗaya. Facin ya rayu, amma ba wanda ya san abin da zai iya yi. Likita ta ce rayuwa daban, aiki daban, sai an toshe bututun wuyan iska ta bi ta baki za a ji. Malam bai sake rubuta tambayar da ya yi min a mota ba, amma ina ganinsa idan ya zaci ba na kallo, yana motsa baki a hankali yana gwada abin da ke ciki.

Ranar da za a gwada, wata matashiya 'yar asalin Indiya ta zo, aikinta koya wa irinsu magana da haɗiya. Ta ɗaga masa gado ya zauna. Ta ɗauko wani ɗan murfi ta sa a bakin bututun, ta ce ya ja numfashi, ya ce aa. Ya buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Ya sake, wani gurnani ya fito wanda ba na mutum ba, yawu ya zubo masa a haɓa. Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa idan na tsorata bakina ne yake ɓallewa.

Na goge masa haɓa na ce, "Ba komai, sake. Ka fara da bisimilla. A'a, ta yi tsawo, ka ce Allah kawai. Ka ɗago kai mana, ya za a yi murya ta fita kana kallon cinya?" Na juya kan yarinyar na ce ko murfin ne ya matse, ko ta ba shi ruwa tukuna, ko ta bari sai gobe, mutum bai daɗe da tashi daga barci ba. Ta ce in ɗan ba shi lokaci. Na ce ai lokacin nake ba shi. Na koma kansa na ce ya tuna yadda yake yi a aji, ya ɗauka ɗalibai ne a gabansa, ya ja iska daga ciki, kada ya yi sauri, kuma kada ya ji kunyar kowa, daga ni sai ita, ita ma ba Hausa take ji ba.

Ya ɗaga hannun da aka yanki fatar. Ya kalle ni. Ya ja numfashi, kafaɗunsa suka tashi. Muryar ta fito a shaƙe, mai nauyi, kamar ta wanda ya cika baki da tuwo, kowace kalma sai ya tura ta.

"Ki... bari... in yi... magana."

Yarinyar ta kalle ni ta ce me ya ce, na gane? Na gane duka, ba kalmar da ta ɓace min. Na gyaɗa mata kai. Na jawo kujera na zauna, na danne takunkumina da hannu biyu, hawaye yana bi ta tsakanin yatsuna, ina jira ya ci gaba.